Kyanwoyin da ba su da mai su: a kama, a sabar da su, ko a ƙyale?

Duk shekara da hunturu ya kama za ka ji an fara sanarwar zazzaɓin Lassa a rediyo, a rufe abinci, a kawar da bola, a kori ɓeraye, kuma cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar har da ajiye kyanwa a gida. To amma ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare, sai ka ji likitocin dabbobi suna cewa a yi nesa da duk dabbar da ba a san mai ita ba, kare ne ko mage. Ka buɗe waya kuma ga bidiyon Istanbul, kyanwoyi kwance bakin masallaci mutane na zuba masu abinci, ana ta "Allah sarki" a ƙasa. Shi kuwa mai kiwon tantabara a Ƙofar Sauri cikin Katsina da muzuru ya shiga mashi ɗaki cikin dare, ba ruwanshi da Istanbul, shinkafar ɓera yake nema. Kowa da gaskiyarshi, shi ya sa mutane suka ruɗe: ita wannan magen da ke haihuwa cikin silin ko kangon maƙwabta, amfani ce ko cuta, kuma ya ake da ita?

Ba duk kyanwar waje ce iri ɗaya ba

Nan ne ruɗanin ya fara. Akwai magen gida mai yawo, tana da gidan da take komawa, ta san sunanta, yara na ɗaukarta. Akwai wadda ta taso a hannun mutane amma aka yasar da ita ko ta ɓata, misali an tashi daga gidan haya an bar ta. Irin wannan za ka ga tana kallon idonka, tana kuka in ta ga mutum, tana matsowa da rana tsaka, kuma cikin 'yan kwanaki ko makonni tana iya komawa ta gida. Sai ta uku, wadda aka haifa a kango ko bayan juji, hannun ɗan Adam bai taɓa taɓa ta ba tun tana ƙarama. Ita ba ta yi maka kuka, ba ta haɗa ido, tana tafiya ciki a ƙasa, sai dare take fitowa, in ka rutsa ta sai huci da yaƙushi. Wannan ta ukun ita ake nufi da kyanwar da ta zama ta daji duk da cikin gari take, kuma kanta ake wannan magana.

Abin da ya raba su ba jinsi ba ne, lokaci ne. Masana halayyar dabbobi sun nuna cewa tsakanin mako 2 zuwa mako 7 da haihuwa ne ɗan kyanwa ke koyon ko mutum abin tsoro ne ko a'a. In ya wuce wannan lokaci ba a taɓa shi ba, abin na ƙara wuya kullum.

Me ya sa suke yawa?

Tun asali hatsi ne ya haɗa mu da su. Kyanwar gida ta fito ne daga kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya, wajen shekara 10,000 da suka wuce, lokacin da mutane suka fara tara hatsi, ɓera ya biyo hatsi, kyanwa ta biyo ɓera. Har gobe lissafin bai canza ba: inda abinci yake nan suke. A Katsina ka duba bayan Babbar Kasuwa, wajen mayanka, teburin masu kifi da masu tsire da dare, kwatocin cikin gari da ake zubar da ragowar tuwo, sannan ga gidajen da aka fara gini aka tsaya a sabbin unguwanni, waɗanda sun zama ɗakin haihuwa kyauta. A cikin tsohon gari kuma gidaje a manne suke, katanga ɗaya, mage na iya ratsa gida goma ta sama ba ta taka ƙasa ba.

Sai haihuwa. Macen kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6, cikin kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane karo ɗiya uku zuwa biyar, kuma tana iya sake ɗaukar wani tun ba ta gama yaye ba. A ƙasashen sanyi hunturu na taka masu birki, mu nan babu wannan birkin sosai. Abin da ke rage su shi ne mutuwa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004 ya gano kusan kashi 75 cikin 100 na ɗiyan irin waɗannan kyanwoyi sun mutu ko sun ɓace kafin su kai wata 6. Yunwa, tsutsar ciki, murar kyanwa, mota, kare, yara masu jifa. Wato wadda kake gani bisa katanga ita ce ta tsira cikin da yawa.

Hanyoyin da mutane ke bi, da abin da kowace ke haifarwa

Ta farko kuma mafi yawa wajenmu, a sa ta a buhu a ba ɗan acaba ya kai ta can hanyar Jibia ko Batsari ya saki. Masu yi suna ganin sun kauce ma alhaki, ba su kashe ba. Amma kyanwa dabba ce mai riƙe wurinta, in ba nisa sosai tana dawowa, in da nisa kuma an jefa ta inda ba ta san ruwa ba, ba ta san maɓoya ba, galibi ba ta daɗewa, ko kuma ta faɗa ma kajin mutanen ƙauyen da aka kai ta. Gidan da aka ɗauke ta kuma, tunda bolar tana nan kuma kangon yana nan, wata za ta zo ta gaje wurin cikin 'yan makonni. An gudu ba a tsira ba kenan.

Ta biyu guba. Shinkafar ɓera, fiya-fiya, ko Sniper a zuba cikin kifi. Masu kiwo za su ce ita kaɗai ke aiki nan take, kuma a kan wannan muzurun guda ɗaya, eh tana aiki. Matsalar ita ce guba ba ta tantancewa. Kazar gida na iya tsattsaga, magen maƙwabci na iya ci, yaro mai rarrafe na iya kaiwa baki, gawar kuma in shaho ko ungulu suka ci su ma su tafi. Sniper ɗin ma tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a kasuwanni da shaguna saboda yadda ake amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba. Ga kuma irin mutuwar da guba ke yi, ta azaba ce mai ɗaukar lokaci, wanda ya saɓa ma addini da doka, don dokar hukunta laifuffuka ta Penal Code da ake aiki da ita a Arewa tun 1960 ta sanya azabtar da dabba cikin laifuffuka, ko da ba kasafai ake kai ƙara a kai ba.

Ta uku ita ce ciyarwa kawai, a riƙa ajiye ragowar abinci don lada. Niyya mai kyau ce ba shakka. Sai dai abinci kullum ba tare da hana haihuwa ba yana nufin ɗiyan da da yunwa za ta rage yanzu za su rayu su haihu, kyanwa biyu su zama goma sha, kuma abincin da ya kwana a ƙasa ɓera ma gayyata ce gare shi. Nan ne rigimar maƙwabta ke tashi, wanda ke ciyarwa daban, wanda ake ci ma 'yan tsaki daban.

Ta huɗu ita ce wadda ake ta yayatawa a intanet, Turawa na taƙaita ta da TNR: a kama, a yi mata tiyatar hana haihuwa da allurar rigakafi, a mayar da ita daidai inda aka kama ta. Namiji a fiɗiye shi, mace a cire mata mahaifa da ƙwan haihuwa, duk a cikin allurar barci, sannan a datse kan kunne ɗaya kaɗan, yawanci na hagu, don daga nesa a gane an yi ma wannan. Italiya ta sa hakan cikin doka a 1991, Turkiyya ma dokarta ta kare dabbobi ta 2004 ta ɗora ma ƙananan hukumomi wannan aiki, wato kyanwoyin Istanbul da ake gani ba haka nan aka bar su ba, akwai kuɗi da likitoci a bayan abin. Masu goyon baya suna cewa kukan dare da faɗa da warin fitsarin muzuru na raguwa sosai, kuma waɗanda aka mayar suna riƙe wurin, baƙi ba sa shigowa da sauƙi. Masu suka kuma, musamman masu kare tsuntsaye, suna cewa wadda aka fiɗiye ai ba ta daina farauta ba. Suna kafa hujja da binciken 2013 da ya ƙiyasta kyanwoyi na kashe tsuntsaye biliyan 1.3 zuwa 4 a shekara a Amurka, mafi yawa waɗanda ba su da mai su. Ostareliya ma, da kyanwa baƙuwa ce a ƙasar kuma ta ƙarar masu da ƙananan dabbobi da dama, a 2015 ta sanar da shirin kashe miliyan 2 kafin 2020. Amma halinsu ba namu ba ne, nan Afirka kyanwa 'yar gida ce tun fil azal, tsuntsayenmu sun san ta.

Raunin hanyar TNR na gaskiya shi ne adadi. Lissafin masana ya nuna sai an yi ma wajen kashi 70 cikin 100 ko fiye na kyanwoyin wuri kafin yawansu ya fara sauka, kuma sai an ci gaba da yi. Mutum ɗaya ya kai biyu asibiti alhali unguwar na da arba'in, gidanshi zai samu sauƙi amma unguwa ba za ta ga canji ba. Wurinmu kuma aikin asibitin dabbobi ya fi karkata ga shanu, tumaki, awaki da kaji, fiɗiye namiji abu ne mai sauƙi, amma tiyatar mace buɗe ciki ce, sai ƙwararren likita da kayan aiki, ba aikin mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa ba ne balle wanzami.

Shin suna maganin ɓera kuwa?

Ƙananan ɓeraye eh, kuma ƙamshin kyanwa kaɗai na sa su rage sintiri. Ɓeran Lassa, wanda aka fara gano cutarshi a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ƙarami ne da kyanwa ke iya kamawa. Amma manyan ɓerayen kwata da gafiya labari ne daban, wani bincike a New York a 2018 ya sa kyamara kwana 79 a wurin tara shara mai cike da ɓeraye, biyu kacal kyanwoyin suka kashe. Kyanwa ba ta son abin da zai rama. Shi ya sa ko a shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ajiye kyanwa ya zo ne tare da rufe hatsi da nisanta bola, ba a madadinsu ba. Katsina dai ba ta cikin jihohin da Lassa ta fi addaba irin su Ondo, Edo da Bauchi, amma buhun gero a buɗe ɓarna ce ko ba cuta.

Abin da malamai suka ce

Kan tsarkinta babu gardama sosai, hadisin Abu Ƙatada na cikin Muwaɗɗa ta Malik, cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kewayawa a tsakaninku. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba, na cikin Bukhari da Muslim, kuma ya shafi batun tarko kai tsaye, wanda ya kama ya manta da ita a keji cikin rana ya shiga haɗari. Inda aka yi saɓani shi ne fiɗiya. Wasu na ganin canza halitta ce da cutarwa, wasu kuma, cikinsu har da Shehu Ibn Usaimin, sun ce in sun yi yawa suna cutarwa kuma aikin ba zai azabtar da su ba babu laifi, ya fi a bari a haife su sannan a kashe. Wadda cutarwarta ta tabbata kuma babu wata hanya, malamai da yawa sun halatta kashe ta, amma da sharaɗin hadisi na 17 cikin Arba'una, in za ku kashe ku kyautata kisan. Guba, ƙonawa ko jefawa a rijiya ba su shiga nan ba. Zancen baƙar kyanwa aljana ce ko mayya kuwa, ya jawo ma baƙaƙe jifa da yawa, alhali launin gashi ne kawai.

In za a kama, ya ake yi?

Ba da hannu ba, ba da buhu ba, kuma ba aikin yara ba ne. Tarkon da ya dace keji ne mai ƙofar da ke faɗowa in ta taka faranti ko in an ja igiya daga nesa, mai walda zai iya haɗa shi da raga. Tarkon ƙarfe mai datse ƙafa ko zarge karya ta zai yi. Ana fara sabar da ita cin abinci wuri ɗaya lokaci ɗaya, misali bayan magariba, a riƙa sa abincin bakin kejin a buɗe, sannan ciki, sai a hana abinci yini guda, a sa kifin gwangwani ko banda can ƙurya. Da ta shiga a rufe kejin da tsohon zane, duhu ne ke kwantar mata da hankali, in ba haka ba za ta yi ta dukan raga har ta fasa hanci. Kar a bar ta a rana, musamman a bazara da zafi ke haura 40. Kuma tun kafin a ɗana a gama magana da likita, ranar da za a kai, nawa ne, don babu amfanin kamawa a rasa inda za a nufa. In aka ga nononta a cike to tana da ɗiya a wani wuri, a nemo su ko a sake ta. Bayan tiyata namiji kwana ɗaya ya isa, mace kwana biyu zuwa uku, sannan a sake su inda aka kama su. In dole sai an canza mata wuri, kamar gidan gona ko sito, sai an tsare ta a can mako 2 zuwa 4 ana ciyar da ita kafin a buɗe, in ba haka ba guduwa za ta yi.

Sabarwa: wacce ke yiwuwa?

Ɗan da bai wuce mako 8 ba, cikin kwanaki kaɗan zuwa mako biyu yake sabawa. Ɗaki ƙarami, kwali na ɓuya, kwanon yashi na bayan gida, abinci daga hannunka kullum, a zauna ƙasa, kar a zura mashi ido, a naɗe shi a tawul a riƙa shafa kai. Amma wanda ido bai ma buɗe ba, wato ƙasa da kwana 10, a bar ma uwar, sau da yawa ba yasar da su ta yi ba, ta je neman abinci ne, sai sun kai mako 5 ko 6 sun fara ci da kansu. Daga wata 2 zuwa 4 abin na yiwuwa da haƙuri na makonni. Babba kuwa da ta taso a kango, akasari iyakarta ta yarda ta ci kusa da kai, kulle ta a ɗaki wahala ce gare ta da kai duka.

Wajen kulawa akwai kurakuran da ke kashe su da kyakkyawar niyya. Farasitamol guba ce ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Albasa da tafarnuwa na lalata mata jini, to ragowar miya ba ko da yaushe alheri ba ce. Madarar shanu na sa yawancin manya zawo. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin shi ma na kashe su. Tuwo zalla ba ya riƙe ta don mai cin nama ce, kan kifi, kayan cikin kaza dafaffe, da ruwa mai tsafta a inuwa sun fi. A ba da abinci a ɗauke kwanon bayan rabin awa.

Abin da ya shafi lafiyar mutanen gida

Haukan kare na kashe wajen mutum 59,000 a shekara a duniya, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da 15. Kusan kashi 99 daga kare ne, amma kyanwa ma na ɗauka tana kuma yaɗawa, sunan cutar ne ke sa mutane sakaci da cizon mage. In ta ciji ko ta yaƙushi mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, a tafi asibiti ranar, ba kemis ba, ba a tsaya shafa toka ko man birki ba. Allurar bayan cizo na aiki in an fara da wuri, amma da alamun cutar sun bayyana kusan babu mai tashi. In dabbar na hannu a sa mata ido kwana 10 ba tare da an jinkirta allurar ba. Ita kanta kyanwar ana yi mata rigakafi daga wata 3, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato na cikin masu samar da irin wannan allura a ƙasar nan. Haƙorinta siriri ne, yana shiga ciki ya rufe baki, shi ya sa cizon hannu ke saurin kumbura da ruɓa ko babu hauka.

Mai juna biyu kuma ta bar kwashe kashin kyanwa ga wani, akwai ƙwayar cutar da ke ciki mai iya taɓa ɗan tayi, wadda sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar take zama mai kamawa, don haka kwashewa kullum na rage haɗarin. Yashin gini da yara ke wasa a kai shi ne bayan gidan da suka fi so, a rufe shi. Makero ma na tsallakawa daga ɗan kyanwa zuwa yaro.

Mai kaji da tantabaru shi ya fi kowa jin jiki, an ce zakaran da Allah ya nufa da cara ana muzuru ana shaho sai ya yi, amma ɗan tsakon da ya kwana a buɗaɗɗen akurki ba kasafai yake kai wa cara ba. Raga mai ƙananan ido, ƙofa mai sakata, ɗakin tantabara a ɗage shi nesa da katanga, kuɗinsu sau ɗaya ne, guba kuwa duk wata sai an sake saye don wani muzurun na zuwa. Ramin silin a toshe shi bayan an tabbatar babu ɗiya a ciki, in ba haka ba wari ne zai biyo. Kango da bola kuma sun fi ƙarfin gida ɗaya, magana ce ta mai unguwa da masu filayen, kuma in unguwa za ta haɗa kuɗin kai kyanwoyi asibiti, matan ya kamata a fara da su tunda su ke haihuwa, ko da tasu tiyatar ta fi tsada.